Kaset Na Biyu

Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan da Baba ya hana a ambaci Injiniya a gidansa. Auta ce ke ƙirga kwanakin, tunda ita ce za ta aure shi da ba a hana ba.

Ba a kama Injiniya da shaye-shaye ba. Ba a ji ya zagi babba ba. Yana da shagonsa na gyaran rediyo da tsofaffin bidiyo a bayan tashar mota, ladabinsa har ya yi yawa, kuma wata biyu da suka wuce Baba da bakinsa yake kiransa "ɗana". Laifinsa guda ne: ya ɗauki kaset.

Wanda bai san Baba ba zai ce ai wannan ƙaramin laifi ne.

Shekara talatin Baba ya yi yana haska fim a gidan silima, shi kaɗai a ɗan ɗakin majigi can sama, har ranar da aka rufe gidan aka mayar da shi ma'ajiyar siminti. Sai ya kwaso silimar ya dawo da ita ɗakinsa. Kanta uku daga ƙasa har rufi, duk kaset ne na finafinan waƙa na da, daga ƙasashen da shi kansa ba zai iya nuna su a taswira ba, cikin harsunan da ko gaisuwarsu ba ya ji. Wannan bai taɓa hana shi fassara wa mutane ba. Kuma ba ya tara waɗanda jama'a suka sani. A wurinsa, duk fim ɗin da mutane kaɗan suka gani shi ne mai daraja, shi ya sa wanda ya fi ƙauna duk duniya ko suna ba shi da shi.

Takardar jikin kaset ɗin ta ɓare tun kafin ya zo hannunsa, rubutun farkon fim ɗin kuma babu mai iya karantawa. A gidan, "na mai jirgi" ake ce masa. Wata yarinya ce mai sayar da tikiti a bakin kogi, da wani saurayi mai aikin inji a jirgin ruwa, da waƙoƙi biyar. Kaset ɗin yana ƙarewa daidai lokacin da jirgi ya tashi da saurayin, yarinyar ta buɗe baki za ta fara waƙa ta shida. Sauran yana cikin kaset na biyu. Ko a zamanin silima gwangwanayen da ke ɗauke da ƙarshen fim ɗin ba su iso ba, a nan Baba ya kunna fitilu, 'yan kallo suka jefe shi da ɓawon lemo. Tun Auta ba ta shiga makaranta ba yake neman kaset na biyu. Yanzu ga ta tana aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, shekara ashirin da shida ke nan yarinyar tikiti tana tsaye da baki buɗe.

Masu tara irin waɗannan kaset su bakwai ne a garin, biyu daga cikinsu ko gaisawa ba sa yi. Amma duk bakwai ɗin sun yarda da doka ɗaya: wanda ke da na ɗaya, shi ke da haƙƙin na biyu. Ko a bola ka tsince shi, kai masa za ka yi.

Injiniya ya san dokar. Shi ne na bakwai.

Ranar da wani tsohon mai ba da hayar kaset ya rufe shago, tare suka je da Baba suna tonon kwalaye, kowa da nasa ɓangaren. Suka dawo da ƙura a gashin ido da abin da ba a rasa ba. Bayan sati ɗaya tsohon ya tare Baba a hanya, yana murna.

"Ashe ka samu cikon fim ɗinka! Yaron nan ya ce in bar shi ya kai maka da kansa."

Baba bai koma gida ba, shagon Injiniya ya wuce.

"Yana wurinka?"

"Yana wurina, Baba."

"Miƙo."

"Ba zan iya ba ka shi yanzu ba, Baba. Ka yi haƙuri."

"Saboda me?"

Injiniya ya sunkuyar da kai cikin irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo. Daga ranar aka fara ƙirga kwanaki.

* * *

Gwaggo, yayar Baba, ba ta taɓa ganin gurbi ta bar shi ba. Kafin sati biyu ta kawo ɗan ƙawarta, likitan haƙori, mai mota mai sanyi da murmushin da ya isa ya zama allon tallar asibitinsa. Mutumin kirki ne. Matsalarsa kawai, in kana magana ba idonka yake kallo ba.

A zuwansa na uku, wato yau, Baba ya shigar da shi ɗakin kaset, ya sa masa na mai jirgi. Ko karramawa ce, ko don labari ya isa bayan tashar mota, Allah ne masani. Auta tana tsaye a bakin ƙofa da tire.

Likita ya jure waƙa ta farko kamar yadda marasa lafiyarsa ke jure shi. Da aka fara ta biyu, yarinyar tikiti tana bin gefen ruwa tana kaɗa gyale, sai ya miƙa hannu ya ɗauki rimot.

"Baba, bari in ɗan tura mana gaba, mu kai wurin labarin."

Yarinyar ta shiga gudu a bakin kogi kamar an biyo ta. Makaɗa suka yi ta fizge-fizge babu sauti.

Baba ya karɓi rimot ɗin da hannu biyu, a hankali, kamar mai karɓar wuƙa daga hannun yaro.

"Likita, waƙar ita ce labarin. Maganar da suke yi a tsakani, hutu ne ake ba makaɗa."

"Au, haka ne, Baba? Ai ban sani ba."

"Na ga alama."

Da Likita ya tafi, Auta ta yi zaton magana ta ƙare. Har ta fara wanke kofuna tana 'yar waƙa. Sai ta ji an kira ta falo. Baba na kujerarsa, Mama na gefe tana tsintar abin da babu a zaninta, Gwaggo ta baje a kan doguwar kujera kamar ita ta saya.

"Ranar Lahadi kawun Likita zai zo jin amsa," in ji Gwaggo. "Sai ki shirya bakinki."

Auta ta dubi Baba. "Baba, ka fa ga abin da ya yi wa waƙar."

"Na gani. Jahili ne. Amma jahili ana koya masa. Ɓarawo kuma me za a koya masa? Ya riga ya iya."

"Ba ɓarawo ba ne!"

"To mene ne? Mai ajiya?"

Gwaggo ta tafa hannu. "Ke 'yar nan, shekararki ashirin da tara. Ƙawayenki har sun fara sayen jakar makaranta. Ga mutum da asibitinsa, da motarsa, haƙoran gidan nan kaf sun huta, ke kin nace sai mai sukundireba. Wa ke gyara bidiyo yanzu, in ba ubanki da mahaukatan abokansa shida ba?"

"Biyar," in ji Baba. "Na cire ɗaya."

Hawaye suka zubo wa Auta. Ta durƙusa a gaban kujerarsa.

"Baba, kai ka kawo shi gidan nan. Kai ka ce in kai masa ruwa ranar da ya zo gyara maka inji. Kai ka ce duk garin nan shi kaɗai ke wanke hannu kafin ya taɓa kaset. Ni da ban san shi ba, a bakinka na fara jin kirkinsa. Yanzu da na saba, sai ka ce in cire shi kamar ƙaya?"

Baba ya kawar da kai wajen taga. Duk cikin 'ya'yansa biyar ita kaɗai ce ta taɓa zama ta kalli fim da shi har ƙarshe ba don tana son a ba ta wani abu ba.

"Auta, ni ba zan yi miki dole ba. In ba kya son Likita, ki ce ba kya so, ki zauna, gidan ubanki ne. Amma wancan, ba da yawuna ba. Mutumin da ya ga abin da na yi shekara ashirin da shida ina nema, ya sa a aljihu, ya hau mota ɗaya da ni, har ya tambaye ni ko na gaji. Shi zan ba 'yata?"

"Malam," Mama ta sa baki a hankali, "kaset ne fa."

"Ke ma haka kika ce ranar da kika ɗora min tukunya mai zafi a kan na mai doki."

"Shekara sha tara ke nan, Malam."

"Sha takwas da wata huɗu."

* * *

Washegari daga asibiti Auta ba ta nufi gida ba. Ta ratsa ta tasha, ta wuce masu faci da mai walda, ta shiga shagon da rabonta da shi kwana arba'in da biyu.

Injiniya na zaune ƙarƙashin fitilar aiki, ya buɗe cikin wani bidiyo. Ya rame. Ta lura da haka, ta ji daɗi, sannan ta ji haushin kanta.

"Ranki ya daɗe," ya ce, yana miƙewa har ya ture gwangwanin kusoshi.

"Kada ka ranki-ya-daɗe ni. Ranar Lahadi kawun Likita zai zo."

Ya tsaya da sukundireba a hannu. "Me za ki ce musu?"

"Me kake so in ce? In ce ina jiran wani wanda ya zaɓi kaset ya bar ni?"

"Ban zaɓi kaset ba."

"To me ka zaɓa? Kullum a waya sai ka ce in ƙara haƙuri, in ba ka sati ɗaya. Sati shida ke nan ina ba ka sati ɗaya! Ina cin abinci da Gwaggo a kaina. Ina gaishe da mutum yana leƙen bakina. Ubana ya daina fita ranar Asabar, yana zaune yana kallon bango. Kai kuma kana nan ka rungume roba da zare!"

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta zauna a kan wata tsohuwar talabijin, ta rufe fuska da gyale. Mai walda ya leƙo, ya ga ba aikin walda ba ne, ya koma.

"In ba ka sona, ka faɗa min yau. Wallahi zan ji ciwo, amma aƙalla zan san sunan ciwon. A wurin aikinmu ma, wanda aka gaya wa sakamako ya fi wanda ake ce wa ya dawo gobe kwanciyar hankali."

Injiniya ya ajiye sukundireba. Sannan ya je ya wanke hannu a bokiti, ya goge, ya buɗe durowar ƙasa, ya fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle. Ya ajiye a gabanta ya warware.

Kaset ne baƙi, kamar kowane kaset. Auta ta dube shi da irin kallon da ake yi wa wanda ya raba gida.

"Juya bayansa," ya ce. "Taɓa nan."

Ta taɓa. Wani ɗan guntun salatif ne, ya yi ruwan ƙasa don tsufa, an manne shi a kan wani ɗan rami.

"Kowane kaset na haya ana karya masa ɗan haƙorin nan, ramin ya zauna a buɗe. In ramin na buɗe, inji ba zai yarda a ɗauki wani abu a kansa ba. Wanda duk ya toshe shi da salatif, to so yake ya ɗora wani abu a kai." Ya nuna salatif ɗin da yatsa. "Tun a cikin kwali yatsana ya ji shi. Baba na bayana yana tambaya ko na ga wani abu. Na ce a'a."

Auta ta sauke gyalen. "An goge?"

"Ba duka ba. Zaren ya yi funfuna, sati uku ina share shi da auduga, taku-taku, kafin in yarda in sa a inji. Akwai waƙa ta shida, da ta bakwai, da ta takwas. Minti ashirin da biyu na ƙarshe ne babu."

"Me aka ɗora?"

Ya dube ta kamar mai roƙon a yafe masa tambayar.

"Shirin kiwon kaji."

Dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka, ta fito ta hanci. Ta toshe baki. Shi ko murmushi bai yi ba.

"Na ce bari in nemo wani kwafin kafin ya sani. Na buga waya duk inda na san akwai mai tarawa. Sau biyu ina rufe shago in yi tafiyar kwana biyu. Babu. Ke kin san abin da ke tashinsa da safe ranar Asabar? Neman nan ne. In na miƙa masa wannan, na ce ga shi, ƙarshen kaji ne, me zai nema kuma? Gara ya tsane ni yana da abin jira."

"Ni fa? Me ya hana ka gaya min?"

"Fuskarki ba ta riƙe magana. Kallo ɗaya zai yi miki ya karanta har da kajin."

Ta share ido da bayan hannu. Ta daɗe tana kallonsa, tana tunanin yadda Allah ya haɗa ta da maza biyu masu hankali a komai ban da abu ɗaya, kuma abu ɗayan iri ɗaya ne.

"Injiniya, kai ne ka zauna a shagon nan ka yanke wa ubana abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka? Mutumin da aka jefa da ɓawon lemo ya dawo aiki washegari?"

"Tsoro na ji."

"To ka ji na wannan: gobe Asabar, ƙarfe huɗu, ka zo da shi. In ba ka zo ba, ba zan auri Likita ba, kada ka ji daɗi. Amma kai ma ba za ka ƙara ganina a kan talabijin ɗin nan ba."

* * *

Huɗu saura kwata ya iso, da rigar da ya fi ji da ita, ƙyallen a hannu biyu. Mama ce ta buɗe masa ƙofa.

"Sannu da zuwa, ɗana. Ka ci abinci kuwa cikin watan nan?"

"Ina ci, Mama."

"Ba a gani ba. Shiga, yana ciki. In ya ɗaga murya kada ka kula, tun safe ya san za ka zo, sau uku yana canza hula."

Gwaggo, wadda ta zo tun rana don shirya zaman gobe, ta bi bayansu ba tare da an gayyace ta ba.

Baba na zaune a tsakiyar kantocinsa. Bai amsa gaisuwa ba. Injiniya ya durƙusa, ya warware ƙyallen, ya miƙa.

Baba ya karɓa. Ya duba gaban kaset ɗin, ya ɗaga shi wajen haske ya leƙa zaren ta 'yar tagar roba. Sannan ya juya shi, babban yatsansa ya bi gefen baya kamar yadda ya saba bi shekara da shekaru.

Yatsan ya tsaya.

Babu wanda ya yi masa bayani. Ba ya bukata. Auta ta ga fuskar ubanta ta sauka a hankali, kamar an zare mata wani abu daga ciki.

"Nawa suka ci?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Minti ashirin da biyu na ƙarshe, Baba."

"Da me?"

"Shirin kiwon kaji."

Gwaggo ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Kaji! Shekara ashirin da shida! Wayyo ni, kaji!"

"Yaya," in ji Baba, bai ko dube ta ba, "ko ki zauna ki yi shiru, ko ki je kicin ki dafa su."

Ta zauna. A tarihin gidan ba a taɓa ganin haka ba.

Ya sake ɗaga kaset ɗin wajen taga. "Kwalayen tsohon nan duk funfuna ne. Wannan zaren fes yake. Wa ya share?"

"Ni ne, Baba."

"Da inji?"

"Da hannu."

Baba ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro wanda ba yabo ba ne, ba kuma kishiyarsa ba. Ya tura kaset ɗin cikin inji.

Allon ya yi ruwan toka, ya yi rawa, ya daidaita. Ga bakin kogi. Ga jirgi yana nisa. Ga yarinyar tikiti da bakinta a buɗe, inda aka bar ta tun Auta na shekara uku.

Ta fara waƙa.

Murya ce siririya, da sarewa ɗaya a bayanta, ba ganga, ba 'yan amshi. Ba ta kaɗa gyale ba, ba ta yi gudu ba. Tana tsaye tana yaga tikitin da ba a saya ba, ɗaya bayan ɗaya, tana sakinsu cikin ruwa. Auta ta jira ta ji Baba ya fara "cewa take yi", amma bai ce komai ba. Hawaye ne ke bin gefen hancinsa suna shiga gemu, shi kuwa ya ƙi ya taɓa su, don kada a ce ya san da su. Mama ta matso ta tsaya a bayan kujerarsa.

Fim ya ci gaba. Damina ta wuce a waƙa ta bakwai. Wani attajiri mai malafa ya zo neman yarinyar, uwarta na ta washe baki.

"Ga mutumin kirki nan," in ji Gwaggo. "Ta ƙi shi, ko? Ai na sani. Duk haka suke."

Ta ƙi shi a waƙa ta takwas. Sannan wata safiya tana buɗe tagar tikiti, ta ɗaga kai. Can ƙarshen ruwa, wani ɗan baƙin abu da hayaƙi a kansa. Ta fito daga rumfar. Ta fara takawa zuwa bakin gaɓa. Sarewar ta ɗauko.

Allon ya yage.

Wani mutum mai kwat da ɗamarar wuya ya bayyana, riƙe da ɗan tsako, yana bayanin yadda ake gane mura a kaji.

Ba wanda ya motsa. Mai kwat ya buɗe bakin ɗan tsakon ya nuna wa duniya. Ya yi maganar ruwan sha, ya yi maganar iska. Baba ya kalle shi kusan minti biyu cur, da natsuwar wanda aka zo yi wa gaisuwar rashi. Sannan ya kashe.

"Kowa ya fita," ya ce. "Ban da shi."

* * *

Mama ta ja Gwaggo zuwa kicin. Auta ta fito, ta ja ƙofar, ta bar ta da ɗan tsaga daidai kunne. 

"Wa ya ce maka ka tausaya min?" Muryar Baba ce.

"Babu, Baba."

"Na yi maka kama da wanda za a ɓoye wa mutuwa? Ni na haska finafinan da jarumi ke mutuwa sau uku a sati. Da ka miƙo min shi a shagon tsohon nan, da mun zagi mai kajin tare, mun dawo gida. Sai ka bar ni kwana arba'in da uku ina zaginka ni kaɗai. Ka san wahalar zagin mutumin da kake so?"

"Na yi kuskure, Baba. Ka yafe min."

"Ban ce na yafe ba."

Auta ta ji ƙarar inji yana tariyo zare baya, ya tsaya, sarewar ta sake ɗaukowa, ta yanke. Aka sake tariyowa. Sau uku.

Da Baba ya sake magana, muryarsa ta canza. Ta yi laushi, ta tsufa, irin muryar da Auta ba ta taɓa jin ya yi wa wani namiji magana da ita ba.

"Kai ka kalli wurin nan fiye da ni. Sau nawa?"

"Ya fi arba'in, Baba."

"To matso. Idona ba kamar da ba ne. Dubi can, kafin allon ya yage. Kamar hancin jirgin ya juyo wajenta, ko? Nasa ne, ya dawo. Kai ma ka gani, ko ba haka ba?"

Auta ta dafe bango. Ta san Injiniya. Ta san yadda zuciyarsa ke narkewa in tsoho ya roƙe shi abu. Kalma ɗaya ce, ba ta da tsada, kuma babu wanda zai taɓa ƙaryata shi, tunda shaidar tana ƙarƙashin kaji. Ita kanta ba ta san wadda take so ya faɗa ba.

Daga kicin ta ji Gwaggo tana tambayar ina gishiri.

"Baba," in ji Injiniya, "ban gani ba. Na tsayar da hoton, na duba da gilashin aiki. Hayaƙi ne kawai da ɗigon baƙi. Ba a gane ko zuwa yake ko tafiya. Ba a ma gane ko jirginsa ne."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Baba."

Kujera ta yi ƙara. Baba ya ja dogon numfashi, ya sauke.

"Ni ma ban gani ba," ya ce, da muryarsa ta kullum. "Da ka ce ka gani, da ka fita gidan nan da ƙyallenka, ba ka ƙara dawowa ba. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da zai riƙa yi mata ƙarya don yana sonta ba. Sau ɗaya ka yi min, ya isa."

Auta ta zame ta zauna a ƙasa, gyale a baki.

"Ka gaya wa manyanka su zo. Ba gobe ba, gobe ina da baƙon da zan ba haƙuri, kuma Yaya za ta yi sati tana ciwon kai a kan kujerata." Ya ɗan dakata, sannan ya ɗaga murya. "Ke kuma mai numfashi a jikin ƙofa, tashi ki kawo masa abinci. Mutum ya rame kamar zaren kaset, sai a ce a gidana aka yi masa haka."